Rabin Gemun Baba

Talata, 24 ga Maris

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba. Yau dai hannuna ya kai kansa.

Shago shiru. Daga safe zuwa la'asar kai huɗu muka aske, ni biyu, Dogo biyu. Shekara goma sha ɗaya muna aski tare, kujerarsa a bakin ƙofa, tawa a ciki kusa da famfo, ban taɓa ganin ya zauna yankan farce da rana tsaka ba sai yau. Rediyo ba ta da zance sai na annobar nan. Dogo ya ce in kashe ta, wai ta fi injin aski cika kunne.

Mai-agogo ya zo gyaran fuska kamar kowace Talata, tsohon nan da ke gyaran agogo a kwanar layinmu. Ya yi tari sau biyu ina shafa masa kumfa, na ukun sai da na ɗaga aska na jira ya gama. Ya ce mura ce, a ƙarƙashin fanka ya kwana. Na ji ɗumin numfashinsa a bayan hannuna. Kullum ina ji, aikin ke nan. Yau ne dai na lura.

Da zai fita ya ce agogon bangonmu yana gudu da minti shida, zai zo ya duba. Shekara uku yana faɗin haka.

Asabar, 28 ga Maris

An ce kowa ya rufe. Mun wanke injuna, mun ɗiga musu mai, mun ninke tawul. Dogo ya lulluɓe madubi da zane, wai kada ya yi kewarmu.

A gida Mage sai tsalle take yi, makaranta ta tashi, uba ya dawo. Shekararta bakwai amma har yanzu ba ta ganin mutum zaune ba ta haye cinyarsa ba, shi ya sa sunan ya bi ta. Uwarta kuwa, da yake malama ce, har ta tsara mana lokacin karatu da na shara. Ni aka ba wa shara.

Hutu ne, na ce wa kaina. Rabona da hutu tun aurenmu.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Dogo ya kira da hantsi. Mai-agogo ya rasu jiya a asibiti. Ba a bar kowa ya raka shi ba sai 'ya'yansa biyu. Wasu sun ce annobar ce, wasu sun ce ciwon ƙirjinsa ne na da. Babu wanda ya tabbatar.

Kofin shayi ne a hannuna. Na ajiye, na tafi famfo, na wanke hannu. Bayan kwana tara. Na san ba shi da ma'ana, ina wankewa ina sani. Sai da maman Mage ta zo ta kashe famfon.

Allah ya jiƙansa. Ko gaisuwa ba za a je ba.

Juma'a, 3 ga Afrilu

Ban je wurin Baba ba.

Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, shekara huɗu ke nan, ya koma gidan Yaya, ni kuma kowace Juma'a nake zuwa in aske masa gemu. Ko ana ruwa. Shi ya koya mini sana'ar, kuma bai yarda kowa ya taɓa masa fuska ba sai ni.

Abin da ban faɗa wa kowa ba: Talata na yi wa Mai-agogo, Juma'ar da ta biyo na yi wa Baba. Da hannun nan. Fuskata kusa da tasa, har yana ce mini na ci albasa.

Na kira Yaya sau huɗu yau. Na ƙarshen ta ce, "Ya ci, ya sha, ya yi barci, ba ya tari. In ka sake kira zan ba shi wayar ka ji da bakinsa." Ban sake ba. Ina tsoron in ji wani abu a muryarsa.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Na kwashe katifa na koma ɗan ɗakin da muke ajiye tarkace. Akwai taga ɗaya, tsohon keke, da buhunan littattafan maman Mage. Na ce a riƙa ajiye mini abinci a bakin ƙofa, kwanona daban, cokalina daban. Ba ta yi musu ba, ta ce haka ma ake faɗa a rediyo.

Na ɗauko ma'aunin zafi. Safe 36.6. Rana 36.9. Yamma 37.0. Me ya sa yake hawa?

Mage ta zauna a bakin ƙofa tana turo mini zane-zanenta ta ƙasa. Ban taɓa su ba sai da suka yini.

Laraba, 8 ga Afrilu

Kwana goma sha huɗun da aka ce cutar ke ɗauka kafin ta bayyana sun cika jiya, tun askin Mai-agogo. Babu abin da ya same ni. To me ya sa yau na fi jin tsoro?

Litinin, 13 ga Afrilu

Yau na ga mutuwa, ko dai abin da na ɗauka ita ce.

Bayan azahar ina zaune ina sauraron adadin waɗanda suka kamu, sai na ji maƙogwarona ya tsuke. Na ja numfashi, bai kai ƙasa ba. Na sake ja, bai kai ba. Ƙirjina kamar ana daka a ciki, yatsuna suka yi sanyi, gumi ya jiƙe mini riga. Na buga ƙofa na ce wa maman Mage abin ya iso, ta zo, amma kada ta shigo. Har na fara gaya mata inda takardun gida suke.

Ta ruga ta kira Nas, maƙwabciyarmu da ta yi ritaya daga asibiti. Nas ta tsaya ta taga da takunkuminta, ta ce in miƙo yatsa. Ta maƙala mini ɗan abin nan mai nuna lamba. Ta duba, ta ce, "Huhunka ya fi nawa lafiya."

Na ce ba na iya numfashi.

Ta ce, "Mai surutu haka yana numfashi. Ƙirga mini wayoyin ƙafar keken nan na bayanka. Da ƙarfi, in ji."

Haushi ya kama ni, mutum yana mutuwa ana sa shi lissafi. Amma na ƙirga. Kafin in kai talatin abin ya fara sakina. Talatin da shida ne, ɗaya a karye.

Da za ta tafi ta ce wa maman Mage wani abu a hankali. Kalma ɗaya na tsinta: fargaba.

Alhamis, 23 ga Afrilu

Na je an yi mini gwaji. An zura mini tsinke a hanci har sai da na yi hawaye. Da na dawo na tuɓe kayan a bayan gida na jiƙa su a ruwan zafi, har takalmi. Takalmin ya ɓare.

Talata, 28 ga Afrilu

Sakamako ya fito, ba ni da cutar.

Maman Mage ta yi hamdala, ta zo ta buɗe ƙofar ɗakin gaba ɗaya, ta ce, "To, fito." Na ce sai gobe. Ai a layin gwajin akwai wani da ya yi atishawa a bayana. Gwajin ya nuna ranar Alhamis ba ni da ita, bai ce komai a kan yau ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ja ƙofar a hankali. Gara ma da ta buga ta.

Asabar, 2 ga Mayu

Bayan hannuna ya tsattsage, tsakanin yatsu yana jini. Na ƙirga yau, sau arba'in da ɗaya na wanke hannu. Sabulun da ke yi mana wata guda, kwana biyar ya yi.

Da ni ne mai yi wa mutane dariya in sun ce a canza musu reza a gabansu.

Juma'a, 8 ga Mayu

Yaya ta kira. Gemun Baba ya fito fari fat, yana masa ƙaiƙayi, abinci yana maƙalewa a ciki. Mijinta ya ce zai rage masa da almakashi, Baba ya kawar da kai. Ta ce kowace Juma'a da safe sai ya sa a zaunar da shi a kujerar baranda, tawul a kafaɗa. Sai azahar yake yarda a mai da shi ciki.

Na ce saboda shi nake yi, Yaya. Don kada in kai masa.

Ta ce, "Na sani. Shi ne bai sani ba."

Na yi ta juya maganar nan. Wai ina kare shi. To daga me, tun da an ce ba ni da komai? Ina da amsa a kullum, kuma amsar tana da kyau a kunne. Abin da ke damuna shi ne ba ta taɓa ƙarewa. In na toshe wannan ƙofa sai tsoron ya ɓullo ta wata.

Litinin, 18 ga Mayu

An sassauta kulle, an ce masu aski su buɗe da sharaɗi: takunkumi, mutum ɗaya a kujera, ba zaman benci.

Na je. Sai da na yi rabin awa a bakin ƙofar gida kafin in taka titi, amma na je. Dogo ya rame kaɗan, ya yi tsayi a idona. Ya miƙo gwiwar hannu mu gaisa, na yi kamar ban gani ba. Agogon bango ya tsaya, batir ya mutu.

Na farko da ya zauna a kujerata wani direba ne mai tabo a ƙeya. Na ɗaura masa zane, na kunna inji. Sai ya sauke takunkumi don in gyara masa saje. Ina ganin leɓensa hannuna ya kama rawa, injin yana karkarwa a iska. Ya kalle ni ta madubi. Na ce wa Dogo injina ya yi zafi, ya ƙarasa masa.

Dogo ya taɓa injin, ya ji shi da sanyi. Ya ƙarasa askin.

Da direban ya tafi ya ce, "Kujerarka ba inda za ta. Je ka huta." Na so ya zage ni.

Asabar, 23 ga Mayu

Da safe na leƙa ta taga na ga Mage a bakin famfo. Ta hau kan bokiti, tana cuɗa hannu, tana ƙirgawa a hankali kamar yadda nake yi. Ta gama, ta kashe famfon da gwiwar hannu, ta tsaya ta kalli tafinta, ta sake kunnawa.

Sau uku ina kallo.

Maman Mage ta zo bakin ƙofata da rana, wannan karon ba ta tsaya a waje ba. Ta shigo ta zauna a kan buhun littattafai. Na matsa jikin bango. Ta ce, "Jiya ta ƙi cin abinci, wai na taɓa cokalin. Shekaranjiya ta tambaye ni ko ita ce mai datti, shi ya sa ba ka ɗaukarta."

Na ce ai don ita nake yi.

Ta ce, "Baban Mage, na yi maka uzuri wata biyu, kuma zan ƙara. Amma cutar da kake gudu ba ta shigo gidan nan ba. Wata ce ta shigo, kuma ta fara kama yarinyar."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi, ta ɗauki ma'aunin zafin daga kan taga, ta fita da shi.

Lahadi, 24 ga Mayu

Ban san zafina ba yau. Ina ta taɓa goshi kamar mai neman abin da ya ɓata.

Laraba, 27 ga Mayu

Nas ta zo da takarda, sunan sashen asibiti da ranar zuwa. Likitan ƙwaƙwalwa. Na ce ni ba mahaukaci ba ne, ban yi jifa ba, ban tuɓe a titi ba.

Ta ce, "Ka dai dafa takalmi."

Dariyar ta kusa kuɓuce mini. Ta ce a shekarunta na aiki ta ga irina da yawa, har da likitoci. Wai tsoro abu ne mai amfani, kamar karen gadi, amma nawa ya daina bambance ɓarawo da mai gida.

Na karɓi takardar da gefen riga.

Talata, 2 ga Yuni

Na je. Maman Mage ta raka ni har ƙofa.

Likitan sa'ana ne, yana da sanƙo. Wanda ya yi masa gyaran fuska bai iya ba, sajen hagu ya fi na dama tsawo. Duk zaman nan idona yana kai.

Na ɗauka zai ce mini annobar ba komai ba ce. Bai ce ba. Ya ce gaskiya ce, tana kisa, shi ma ya rasa abokin aiki. Ya ce in sa takunkumi, in wanke hannu in na dawo daga waje da kafin cin abinci. Sai ya tambaya, "In ka wanke, minti nawa hankalinka yake kwanciya?"

Na ce kamar biyar.

"Da farko fa?"

Na yi tunani. Na ce awa guda, ko fiye.

Ya ce, "To ka gani. Kullum kana ba shi, kullum yana ƙara ci."

Na ba shi labarin Mai-agogo, da Juma'ar da ta biyo. Shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya bar ni sai da na gama, ya ce, "Yau kwana nawa da yi wa mahaifinka askin?" Na ce sun haura sittin. Ya ce, "Yana ina?" Na ce yana baranda yana jirana. Daga nan ban iya ci gaba ba.

Ya ba ni ƙwaya ƙarama, ɗaya da safe, ya ce sai ta yi makonni kafin in ji aikinta. Ya ba ni aikin gida kamar ɗan makaranta. Labarai sau ɗaya a rana. In taɓa mariƙin ƙofa, in zauna minti goma ban wanke ba. Ya ce tsoron zai hau, in bar shi ya hau, zai sauko da kansa. Ban yarda ba, amma na ce to.

Alhamis, 4 ga Yuni

Mariƙin ƙofa. Minti huɗu na iya.

Asabar, 6 ga Yuni

Minti goma. Na zauna hannu a sama kamar wanda aka ɗaura wa bandeji. Wajen minti na bakwai na ji kamar zan yi ihu. A na tara sai na tsinci kaina ina tunanin tayar keken nan, ko za ta gyaru. Ya sauka ɗin. Haushi ya kama ni da mai sanƙon ya yi gaskiya.

Laraba, 10 ga Yuni

Na ci abinci a falo. Can gefe, amma a falo. Mage ta yi ta satar kallona, ba ta matso ba. Da ba sai an kira ta ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan tsagewar hannu.

Na ce ta zo ta nuna mini haƙorinta da ya fita. Ta tsaya nesa ta buɗe baki. Na ce ba na gani daga nan. Ta matso taku biyu.

Juma'a, 19 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Na je wurin Baba. Likita ya ce in jira mako guda tukuna, na ce na shirya. Na haɗa jaka: aska, sabuwar reza, almakashi, burushi, sabulu, hoda. Takunkumi biyu, safar hannu.

Yana baranda, tawul a kafaɗa. Ya rame. Gemun ya sauko har wuya, ban taɓa ganinsa haka ba, sai ya zama kamar wani tsoho da ban sani ba. Ya kalle ni sama da ƙasa. Maganarsa da nauyi tun ciwon, sai ka saurara. Ya nuna safar da hannunsa mai lafiya ya ce, "Cire. Ba ka jin fata." Na cire.

Da yake wuyansa ba ya juyawa sosai, gefe ɗaya nake gamawa kaf, sannan mu juya kujerar. Na fara da dama. Na rage da almakashi, na shafa kumfa, na sa aska. Fatar ta fito sumul. Har na fara jin daɗin ƙarar askar, wannan ƙaramin sautin da na yi wata uku ban ji ba.

Ina goge kumfar ƙarshe a haɓarsa sai yawu ya sarƙe shi. Yana yi masa haka, na sani, shekara huɗu ina gani. Ya yi tari, ya fesa mini a wuyan hannu da goshi.

Ban tuna ajiye askar ba. Na dai gan ni a bakin famfon Yaya, sannan na gan ni a titi. Da ƙafa na dawo gida, tafiyar awa guda da rabi. Jakar tana can.

Na bar ubana da rabin gemu.

Asabar, 20 ga Yuni

Ban fito ba. Na koma ɗakin tarkace. Na wanke hannu ban ƙirga ba.

Yaya ta kira da la'asar, na ɗauka a shirye nake in sha faɗa. Sai na ji muryarta wani iri, ashe dariya take dannewa. Ta ce bayan tafiyata Baba ya ce a kawo madubi. Ya juya dama, ya juya hagu, ya yi ta dariya har da hawaye. Wai ta dama ango, ta hagu kakan ango.

Ta ce Dogo ya ji labari ya zo da kayansa da safe. Baba ya gaisa da shi, ya tambayi iyali, ya ce a ba shi shayi. Da ya ciro aska Baba ya ce a'a. "Wanda ya fara."

Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Ƙanina, ya ƙi shiga ciki. Jiya sai da muka ɗauke shi da kujerar. Yau ma yana nan tun safe. Ni ban ce ka zo ba. Na dai faɗa maka."

Maman Mage tana tsaye ta ji komai. Ta ce, "In raka ka?" Na ce a'a. Can na ce eh.

Lahadi, 21 ga Yuni

Mun je da safe.

Gaskiya abin dariya ne in ka gan shi. Ban yi ba dai. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗaga kai. Jakata tana gefen kujerarsa, an wanke askar an ninke. Yaya ta ce shi ya sa a yi.

Muka juya kujerar. Ina haɗa kumfa ya ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Ranar da na fara ba ka aska. Ka tuna?"

Na tuna. Ina ɗan shekara goma sha huɗu na yanki kunnen wani mai gyaran takalmi, na jefar da askar na gudu.

"Ina na same ka?"

Na ce bayan tankin ruwa.

"Me na ce?"

Na ce, ka ce mutumin yana zaune yana jira, kuma jininsa ba zai tsaya don na ɓuya ba.

Ya gyaɗa kai, ya rufe ido, ya miƙo mini kuncin hagu, gefen da ya shanye. Nan fatar ta saki, sai ka ja ta da yatsa biyu kafin aska ta bi. Dole ka matso sosai. Na matso. Zuciyata tana bugawa har a kunne, na ce a raina hau, hau ka gama. Na yi layi ɗaya, na goge. Na yi na biyu.

A nan ne na faɗa masa. Ban shirya ba, bakina ne ya yi. Na ce Baba, wanda na aske kafin kai ya rasu. Na ɗauka na kawo maka ita. Wata uku ina jiran a kira ni a ce na kashe ka.

Bai buɗe ido ba. Na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce, "Ni ma na ji tsoro."

Na ce na cutar?

Ya ce, "A'a. In tafi, kana can."

Na tsaya da aska a sama, takunkumina ya jiƙe. Ya ɗago hannunsa mai lafiya ya ɗan buga mini gwiwa, irin bugun da yake mini a shago in na tsaya kallon titi. Na ci gaba.

Ya sake tari kafin mu gama. Na ja baya, na ƙirga ƙarafan baranda, goma sha tara ne. Na dawo. Na shafa masa hoda, na riƙe masa madubi. Ya duba da kyau, ya shafa ƙarƙashin haɓa, ya ce na bar gashi uku. Na duba. Biyu ne.

Na wanke hannu sau ɗaya a gidan Yaya, sau biyu a gida. Zan faɗa wa likita uku ne, ba zan rage ba.

Talata, 30 ga Yuni

Na koma shago, safe zuwa azahar. Kai kawai nake yi, gemu na Dogo ne tukuna. Ya ce ya ji daɗi, dama ya gaji da yin hira da madubi.

Na mai da katifa ɗakinmu tun ranar Alhamis. Ban rubuta ba don kada in yi wa abin baki.

Litinin, 6 ga Yuli

Rana mara kyau. An ce adadin ya sake hawa. Na saurari labarai sau biyar, ban je shago ba, na nemi ma'aunin zafi a duk durowar gidan ban samu ba. Maman Mage tana kallona ina nema, tana tsintar wake.

Likita ya ce za a yi irin waɗannan ranaku. Na ɗauka ni ban da ni.

Ina ganin abin ba fita zai yi gaba ɗaya ba. Wataƙila sai dai ya koma ɗakin tarkacen shi ma, in san yana nan, in riƙa wucewa ta ƙofar.

Alhamis, 16 ga Yuli

An yi ruwa da rana, na hau bas daga shago maimakon tafiya a ƙasa. Na zauna kusa da taga, takunkumi a fuska, hannuwa a cinya.

A tasha ta biyu wata mata ta shigo da jaka biyu, da lema, da jariri a kafaɗa, duk sun jiƙe. Ledar tumatirinta ta fashe a bakin ƙofa, suka gangara ƙarƙashin kujeru. Ba ta ko kalli fuskata ba, ta ce, "Bawan Allah riƙe mini," ta ɗora mini shi.

Bai fi wata shida ba. Mai nauyi, da ɗumi kamar burodin da aka sauke yanzu. Ya kama igiyar takunkumina yana ja, ya ga ba ta zuwa, ya kwantar da kai a wuyana ya kama tsotsar kwalar rigata. Gashin ƙeyarsa ya murɗe gefe biyu. Irin wannan kan yana ba mai aski wahala, in ya girma zai sha faɗa da masu inji.

Ta gama tsince tumatirin, ta samu wuri a baya, ta ce in miƙo shi. Na ce ta bar shi ta huta, ai ya yi shiru. Tasha uku muka yi haka.

Na wanke hannu da na shigo, kamar kowa. Mage ta ce ina warin madara, ta hau ta shinshina wuyana don ta tabbatar, ta zauna a nan har aka kawo abinci.

Kwalar ta bushe, ta ɗan yi tauri. Rigar tana jikina har yanzu. Gajiya ce kawai, in na tashi zan canza.